Shokozoban TEMS na tsohuwar Supra: a gyara ko a cire a huta?

Tambaya: Salam malam, dan Allah ina da Toyota Supra ƙirar 1989 mai TEMS (tsarin lantarki mai canza taurin shokozoba), yanzu ko na danna Sport ko Normal duk ɗaya nake ji, ga bayanta sai rawa yake in na hau gargada. Bakanike na yace a cire komai a saka shokozoba na gama-gari, ni kuma ina son motar yadda kamfani ya yi ta. Meye shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Toh kafin a kwance komai ka sani matsala biyu ka lissafo, kuma ba lallai tushensu ɗaya ba. Rawar da bayan motar ke yi shokozoban ne ya mutu, mai ya tsiyaye ko ya tsinke, wanda ba abin mamaki bane ga ƙarfen da ya haura shekara 30 yana aiki. Shi kuma maballin da baya canza komai, sau tari ba laifin shokozoba bane sam.

Yadda abin yake, TEMS ɗin nan da Toyota ta fara sakawa a motarta Soarer a 1983 bashi da wani sarƙaƙiya sosai. A saman kowane shokozoba akwai ɗan ƙaramin injin lantarki, acuweta, shi ke murɗa wani siririn sanda da ya ratsa ta tsakiya, sandan ne ke buɗe ko matse hudar da mai ke bi, sai shokozoban ya yi laushi, matsakaici ko tauri. Kwamfutar tana duba gudu, juya sitiyari, taka burki da taka totur, shi yasa in ka taka burki da ƙarfi take ƙara tauri don kar gaban ya dunguri ƙasa.

Don haka kace wa bakaniken ya buɗe murafan nan huɗu da ke saman shokozoban, na gaba a ƙarƙashin bonet, na baya a cikin but, a kunna makulli wani ya rinƙa danna maballin kai kuma ka ɗora yatsa a kan acuwetan, zaka ji ɗan motsi da ƙara. In duk huɗun shiru ne ka fara da fiyus da soket da wayar at (earth), don da wuya su mutu tare rana ɗaya. In ɗaya ne kawai yayi shiru a ciro shi a kama bakin sandan da filaya a murɗa a hankali, lafiyayye yana juyawa ba gardama, in ya cije toh shi ne ya kashe acuwetan kuma ko ka sa wani haka zai kashe shi.

Inda gizo ke saƙar shine samun sabon shokozoba mai wannan sandan. Kamfanin Tokico ya taɓa yin shokozoban Illumina II da ke aiki da TEMS amma yanzu samunsa sai an sha wuya, na hannu kuwa bana baka shawara, sa'an naka ne, tsufansu ɗaya. In ka dace da sabo ko wanda ƙwararre ya farke ya sake wa sil da mai, riƙe TEMS ɗinka. In baka samu ba gaskiya bakaniken bai yi ƙarya ba, sabon shokozoban Bilstein ko KYB ya fi mataccen TEMS riƙe hanya nesa ba kusa ba, kuma Supra bata da rigima in an cire, ba kamar Corvette C5 ba da kwamfutarta ke hana motar wuce mil 80 a awa in ta nemi shokozobanta ta rasa. Kawai kar a yanke waya ko ɗaya, a naɗe soket ɗin da tef, acuwetocin a adana su, ranar sayarwa masu son ta asali zasu tambaya.

Koyiloba (shokozoba haɗe da sifirin) masu arha da samari ke sakawa don mota ta kwanta ƙasa, ni dai bana so a wannan motar, bayanka ne zai faɗa maka.

Ko wanne ka zaɓa a canza bibbiyu, hagu da dama, a duba bushin da boljoyin tunda an riga an kwance, kar a ƙarasa ɗaure notin bushin sai mota ta sauka kan tayoyinta in ba haka ba robar zata murɗe ta yage da wuri, sannan a kaita alaimen.