An ba ni Microbiology maimakon likitanci, gida kowa da nasa ra'ayin

Tambaya: Malama, sannu da aiki. Na ci maki 270 a JAMB, na nemi likitanci, sai aka ba ni Microbiology, wato ilimin ƙananan ƙwayoyin halitta. Abba ya ce in karɓa, haka Allah Ya ƙaddara. Umma ta ce in zauna in sake rubutawa baɗi. Yayata kuma cewa take kukan da nake yi rashin godiya ne. Na rasa maganar wa zan ɗauka.

Amsa: 'Yata, fara cire maganar yayarki daga ranki. Annabi Yaƙub (AS) ne ya ce zai yi haƙuri mai kyau, amma Suratu Yusuf ta nuna idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa. Kuka a kan abin da kika raba dare kina karatu dominsa ba butulci ba ne. Abin da ba na so shi ne ki yanke shawara hawaye bai bushe ba.

Ki kuma san yadda ake rabon guraben nan, don kada ki ɗora wa kanki laifin da ba naki ba. Majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban likitancin da za ta ɗauka, masu nema kuwa sun ninka guraben nesa ba kusa ba. A jami'o'in tarayya kashi 45 ne ake cikewa bisa maki zalla. Kashi 35 na 'yan jihohin yankin jami'ar ne, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Shi ya sa wani lokaci wadda kika fi maki za ta samu, ke ki rasa.

Abba da Umma kuwa ba abu ɗaya suke kallo ba. Shi shekaru da kuɗi yake lissafawa, wataƙila ya ga 'ya'yan maƙwabta da suka yi ta maimaita JAMB har zuciyar karatun ta mutu. Ita fuskarki take kallo. Kowa ya faɗi rabin gaskiya, ko da yake ni na fi karkata ga Abba, domin makin JAMB shekara ɗaya yake aiki, kuma babu mai ba ki tabbacin na baɗi zai fi na bana.

Karɓar Microbiology bai rufe ƙofa ba. Jami'o'i da dama na ɗaukar mai digiri mai kyau a fannin kimiyya kai tsaye zuwa aji biyu na likitanci, ta hanyar da ake kira Direct Entry. Akwai kuma IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da ita, ita ma aji biyu take kaiwa, sai dai can ma gasar da zafi.

Ki binciko makin da sashen likitanci ya tsaya a kai bana. In tazararki kaɗan ce, roƙon damar gwadawa sau ɗaya yana da hujja. In da nisa, ki karɓi gurbin Microbiology kafin wa'adinsa ya wuce. Ki yi istihara, sannan ki samu Abba da wannan lissafin a hannunki, ki roƙi Umma ta zauna a wajen.