Me ya sa jinya a Ingila kyauta ce, a Amurka kuwa sai da kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanena da ke karatu a Ingila ya ce an yi masa tiyata ba a karɓi ko sisi ba, amma 'yar'uwarmu da ke Amurka kullum kukan kuɗin asibiti take yi. Wane tsari ne ya fi? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ƙanenki ya biya, ba dai ranar tiyatar ba. Tun 1948 da ministan lafiya Aneurin Bevan ya kafa NHS, wato hukumar kula da lafiya ta ƙasar, da kuɗin haraji ake jinyar jama'a. Shi kuma da yake baƙo ne, an karɓi kuɗin lafiya tun wajen neman biza, wanda a 2024 ya koma fam 776 a shekara ga ɗalibi. Matsalar NHS ita ce layi: a 2023 jerin jiran aikin asibiti a Ingila ya haura miliyan 7. Na gaggawa shi ake fara dubawa, amma mai ciwon gwiwa sai ya yi watanni.

A Amurka yawancin mutane ta wurin aikinsu suke samun inshorar lafiya daga kamfanoni masu zaman kansu, don haka wanda ya rasa aiki yana iya rasa ta. Gwamnati ba ta janye hannu gaba ɗaya ba: tun 1965 akwai shirye-shiryenta na inshora, Medicare na masu shekara 65 zuwa sama da Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi, dokar Obama ta 2010 kuma ta shigar da miliyoyi cikin inshora. Duk da haka, sama da mutum miliyan 20 ba su da inshora. Kusan kashi 17 cikin 100 na tattalin arzikinsu a kan lafiya yake tafiya, Birtaniya kuwa wajen 11, amma 'yan Birtaniyan sun fi su tsawon rai.

Ni dai na fi karkata ga na Ingila, har da layin nasa. Tumatir in ya yi tsada sai ki matsa gaba ki taya wani, amma mai naƙuda da tsakar dare ba ta da halin taya farashi. Abin da aka yanka mata shi za a biya.

Mu a Najeriya sama da kashi 70 na kuɗin jinya daga aljihu yake fita kai tsaye, ko da yake dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya. Ki leƙa hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharku, ki tambayi nawa ne kuɗin shekara da asibitocin da ke karɓar katinsu.