Amsoshin Tambayoyinku: Waya Ɗaya da Ɗalibai Saba'in a Ajin Lissafi

Tambaya: Wata malamar lissafi a ƙaramar sakandare ta rubuto cewa ɗalibanta sun haura saba'in, an kuma hana su zuwa makaranta da waya. Duk lokacin da ta ce "kun gane?" sai ajin ya ɗauka da "mun gane", sai ranar jarrabawa asiri ya tonu. Tana neman manhajar da za ta nuna mata waɗanda aka bari a baya tun darasi bai ƙare ba.

Amsa: Malama, abin da ya dace da ajinki shi ne Plickers, domin wayarki kaɗai take buƙata. Za ki buɗe asusu a shafinta na intanet, ki shigar da sunayen ɗalibai, sannan ki buga katunanta a takarda. Kowane kati yana da zane baƙi wanda ya bambanta da na kowa, kuma gefunansa huɗu suna ɗauke da A, B, C da D cikin ƙananan haruffa, don kada na kusa ya leƙa ya kwaikwaya. Idan kin rubuta tambaya a allo, kowane yaro zai ɗaga katinsa da harafin da ya zaɓa a sama, ke kuma ki zagaya ajin da kyamarar waya daga inda kike tsaye, nan take amsar kowa ta bayyana da sunansa. Katunan sun tsaya a 63, saboda haka sai ki raba ajinki gida biyu a cikin manhajar. Kada a lulluɓe su da leda mai sheƙi, domin hasken taga yana hana kyamara karanta su.

Sai dai a ganina aikin yana wajen tsara amsoshin da ba daidai ba, kuma nan ne malamai da yawa suke yin sakaci. Ɗauki misalin rabi a tara da sulusi, wato 1/2 + 1/3, wanda amsarsa 5/6 ce. Ki sa 2/5 a cikin zaɓin, domin wanda ya ɗaga shi ya tara lambobin sama da junansu, ya tara na ƙasa da junansu. Ki sa 2/6, domin wannan ya gano cewa 6 ce za ta zauna a ƙasa amma ya manta bai sauya lambobin sama ba, wato ya kusa isa. Ki sa 1/6, wanda ko dai ya ninka ne ko ya ɗebe. Idan kin ga yara talatin sun taru a kan 2/5, ba a ci gaba da darasi. A zana burodi a allo a tambaye su yadda za a ƙara wa rabi wani abu kuma ya koma ƙasa da rabi, tunda 2/5 bai kai rabin ba. Kuma kada wannan sakamako ya shiga makin zangon karatu, don da zarar yara sun san ana rubutawa, za su koma satar amsa, ke kuma ki rasa abin da kike nema.

Tambaya: Wani malami da makarantarsa ke da ɗakin kwamfuta yana tambaya ko Kahoot, wato manhajar gasar tambaya da amsa, za ta yi masa wannan aiki.

Amsa: Malam, Kahoot, wadda aka ƙaddamar a ƙasar Norway a 2013, tana farkar da aji mai gyangyaɗi, amma a tsarinta na asali mai saurin amsawa ne ke samun maki mafi yawa, lissafi kuwa yana son natsuwa. Ka ajiye ta don bitar jadawalin ninkawa. Idan darasin zane ne ko jadawalin lissafi, GeoGebra Classroom ta fi, domin kana zaune a gaban kwamfutarka kana kallon aikin kowane ɗalibi yayin da yake yin sa, har ka ga matakin da ya kauce.