Amsoshin Tambayoyinku: Ƙadangare Mai Gemu a Zafin Tawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 14 ya ga ƙadangaren nan mai gemu a intanet, ya nace sai an saya masa. Ba mu taɓa kiwon ƙadangare ba. Shin ya dace da ɗan koyo, kuma zai rayu a garinmu? Daga wata uwa a Tawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Wannan dabba, wadda masana ke kira Pogona vitticeps, asalinta busassun yankunan tsakiyar Ostareliya ne. Tsawonta da wutsiya yakan kai santimita 60, kuma da kyakkyawar kulawa takan yi shekara 10 zuwa 15, wato yaronki zai iya gama jami'a tana nan a gidanki. Wajen haƙuri kusan damo ce, domin takan kwanta a tafin hannu ba ta zabura kamar jan gwada, abin da ya sa ake yaba ta ga ɗan koyo ke nan.

Sai dai yawancin shawarwarin da yaron ya karanta an rubuta su ne don ƙasashen sanyi, inda damuwarsu ita ce ɗumama akwatin da ake ajiye dabbar a ciki. A Tawa matsalar ita ce zafi. Ƙadangare ba ya daidaita zafin jikinsa da kansa, yana buƙatar akwati mai tsawon santimita 120 da faɗin 60, gefe ɗaya mai zafin digiri 38 zuwa 42 inda zai sha ɗumi, ɗaya gefen kuma kimanin 25 inda zai huce. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ɗakin kwano ke zama kamar tanda kuma wuta na iya ɗaukewa da tsakar rana, wannan gefe mai sanyi shi ne zai yi wuyar samuwa. Idan kika ga ya wangame baki ya daɗe, yana kartar bango yana neman mafita, to zafi ya yi masa yawa. Ina roƙonki kada a taɓa ajiye akwatin gilashi a rana, domin cikin ɗan lokaci zai iya hallaka shi.

Haske ma wajibi ne. Ba tare da hasken UVB ba, wato wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, jikinsa ba zai sarrafa sinadarin kalsiyam ba, sai ƙasusuwa su yi laushi, muƙamuƙi ya lanƙwashe, ƙafafu su riƙa rawa. Gilashin taga yana tare wannan haske, saboda haka ko dai fitila ta musamman da ake sauyawa bayan wata 6 zuwa 12, ko keji na raga a tsakar gida da hantsi, rabinsa a inuwa.

Ƙarami ƙwari ya fi ci, irin su gyare, babba kuwa ganye da ɗan kabewa. Soyayyar farar kasuwa mai gishiri da yaji ba abincinsa ba ce, ƙwarin gonar da aka yi wa feshi ma haɗari ne. A ajiye shi shi kaɗai, kuma a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi saboda ƙwayar cutar salmonela, musamman idan akwai jarirai a gidan.

Ra'ayina, Hajiya, kada ki biya ko dala ɗaya tukuna. Ki sa yaron ya rataya ma'aunin zafi a ɗakin da yake nufi, ya riƙa rubuta abin da ya nuna da azahar har tsawon bazara guda. Idan ɗakin yana wuce digiri 35 a kullum kuma babu hanyar sanyaya shi, wannan dabba ba ta gidanku ba ce a yanzu.