Littafi a waya: karatu ne ko latse-latse?

Tambaya: Malam, barka da aiki. 'Yata tana shirin jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare a nan Garwa, Kamaru. Da ta gama aikin gida sai ta ɗauki wayata ta shiga karanta littattafan Hausa a Wattpad, manhajar karanta labarai. Mahaifinta ya ce wannan latse-latse ne, karatu sai da takarda a hannu. Shin in hana ta?

Amsa: Hajiya, kada ki hana ta. Yarinyar da duk karatunta na boko da Faransanci yake, amma da kanta ta zauna ta bi labarin Hausa babi bayan babi, ta yi abin a yaba mata. Littattafan Hausa na takarda galibi daga Kano suke fitowa, kuma ba kowane shago a Garwa ko Marwa ake samunsu ba. Waya ce ta kawo mata su har ɗaki.

Sai dai Alhaji ma yana da tasa gaskiyar. A 2018 wasu masana daga Sifen da Isra'ila sun haɗa bincike 54, suka ga cewa a rubutun darasi mai takarda ya ɗan fi mai allo fahimta, amma a labari bambancin bai fito ba. Don haka bitar BEPC ta yi ta a littafi da biro, labari kuma a bar mata a waya.

Abin da ya fi damuna shi ne saƙonnin da ke faɗowa tana tsakiyar shafi. Saƙon WhatsApp ɗaya ya isa ya raba ta da labarin, daga nan sai TikTok. Maganinsa mai sauƙi ne. Ta sauke littafin tukuna, ta kashe data, ko ta sa alamar jirgin sama. Idan littafin EPUB ne, wato nau'in fayil ɗin da rubutunsa ke daidaita da girman allo, manhaja irin ReadEra tana buɗe shi ba intanet, kuma za ta iya ƙara girman rubutu. PDF kan wahalar da ido a ƙaramin allo, sai an yi ta ja da yatsa. Kuɗin data kuwa kada ya dame ki, littafi guda na rubutu zalla bai kai nauyin bidiyon minti ɗaya ba.

Ta rage hasken allo da dare, kuma duk minti 20 ta ɗaga kai ta kalli nesa na daƙiƙa 20. Da zafin Garwa na watan Afrilu, kada ta karanta wayar tana jone a caji.

Ki kuma san abin da take karantawa, domin a Wattpad kowa na iya sa nasa, har da na manya. Ki ce ta ba ki labarin kuna girki. Idan ta kawo shi tiryan-tiryan da sunayen mutanen ciki, ki kira Alhaji ya saurara.