Ga malamin da ke fargabar koyar da labarin Galileo

Assalamu alaikum. Malam, ka tambayi yadda za ka koyar da tarihin yadda hujjar kimiyya ta rinjayi maganar magabata a Turai ba tare da an ce kana koya wa yara raina manya da addini ba. Abin da kake tsoro ni ya riga ya same ni.

Abokin aikina ne, wanda muke cin abinci tare, ya kai ƙarata wurin shugaban makaranta cewa ina ɓata tarbiyyar ɗalibai, don kawai na gaya musu cewa a 1633 kotun cocin Katolika a birnin Rum ta tilasta wa Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, janye maganarsa cewa duniya ce ke kewaya rana, aka kuma tsare shi a gida har ya mutu a 1642. Aka tsayar da ni gaban malamai ana yi mini tambayoyi kamar wanda aka kama da kayan sata, shi kuwa yana zaune yana kaɗa kai, alhali bai taɓa leƙa ajina ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, washegari ya zo aron alli yana murmushi, kuma har yau bai nemi gafarata ba.

Don Allah kada ka fara da Galileo. Ka fara da Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya zauna a Alƙahira, wanda ya rubuta littafi guda a kan shakkunsa game da Baɗlamiyus, tsohon masanin taurari na Girkawa, ya kuma nuna ta hanyar gwaji cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo. Ka sa yaran su huda kwali su ga hoto a kife da idonsu. Ka kuma kai wa shugabanka shirin darasin ya sa hannu tukuna, domin ranar tuhuma ba wanda zai tsaya maka.

Ka nuna musu cewa yawancin rigimar da littattafan Girkawa aka yi ta. Likitocin Turai sun bi Jalinus, tsohon likitan Girkawa, fiye da shekara 1,300, sai a 1543 Vesalius, da ya feɗe gawar mutum da hannunsa, ya bayyana kurakuransa, saboda shi Jalinus birai da wasu dabbobi ya feɗe. Galileo kansa mai bin addininsa ne, kuma abin da ya kawo a 1610 shi ne watanni huɗu irin watanmu na sama da ya gani da madubin hangen nesa suna kewaya duniyar Mushtari (Jupiter). Duk wanda ya yi ƙorafi, ka gayyace shi ya zauna a ajin tun daga farkon darasi har ƙarshensa.