Hitar tsohuwar Hilux ba ta ɗumamawa: kar ka bari a kwance dashbod tukuna

Malam, na ga tambayarka a kan tsohuwar Hilux ɗinka mai injin fetur 3RZ, wadda ka ce hitarta tana hura iska amma ɗumi-ɗumi kawai, ga shi kana fita daga Jos da asuba da lodin dankali cikin wannan hunturu, kuma bakanike ya ce sai an kwance dashbod an sauya ƙaramin lagireton hita. Wallahi na tausaya maka, don ciwon da ya taɓa cin tawa motar ke nan. Don Allah kar ka yarda a taɓa dashbod ɗin nan yanzu. Aikin yini guda ne, robobin tsohuwar mota kuma sun bushe, ana taɓa su suna karyewa, ga shi sau da yawa matsalar tana ƙarƙashin bonat.

Fara da allurar zafi. Hita ba ta da wutar kanta, ruwan inji take ara, in injin bai yi zafi ba babu abin da za ta ba ka. Bayan tafiyar minti 10 zuwa 15 ya kamata allura ta kai wajen tsakiya ta tsaya nan. In tana maƙale a ƙasa, ko ta hau a cikin gari amma ta faɗi da zarar ka kama gangare irin na Hawan Kibo, to zan iya rantsuwa babu tamostat a motarka, wato ɗan ƙarfen da ke hana ruwa zuwa lagireto sai inji ya yi zafi, ko kuma ya maƙale a buɗe. Da safe kafin ka tayar, inji da sanyi, buɗe murfin lagireto, ka tayar, ka leƙa. In ka ga ruwa yana gudu tun daga minti na farko, magana ta ƙare.

Nan ne raina ke ɓaci. Mota ta ɗan yi zafi sau ɗaya, maimakon a duba lagireto ko murfinsa ko famfon ruwa, sai a zare tamostat a jefar, a ce wai na ƙasar Turawa ne, mu nan zafi gare mu. Kuma ba za a gaya maka ba! Ni ma haka aka yi mini, an karɓi kuɗin gyara, ba a ce mini an cire komai ba. Mutum ya ba ka amanar abin da yake ciyar da iyalinsa da shi, ka cire masa abu ka yi shiru, wannan wane irin aiki ne? Kuma ɓarnar ba a hita ta tsaya ba. Injin 3RZ mai injekta yana da kwamfuta, muddin ta ga ruwa da sanyi za ta yi ta ƙara fetur, mota ta riƙa shan mai kamar rijiya, fulogi su yi baƙi, fetur ɗin da bai ƙone ba ya wanke baƙin mai daga jikin silinda, ringi su ci kafin lokacinsu. Shekara biyu sai hayaƙi, sai a ce inji ya tsufa, alhali kashe shi aka yi. Wasu ma ba sa tsayawa nan, sai su ɗaure kulocin fanka, wato abin da ke rage mata gudu in inji da sanyi, da noti ko su yi masa walda, fanka ta riƙa juyawa da cikakken ƙarfi ko da sanyin asuba. Inji a kashe, juya fankarka da hannu: ya kamata ta juya da ɗan nauyi. In ta ƙi motsi sam, an ɗaure ta, ko kulocin ya mutu.

Tamostat na 3RZ yana inda tiyon ƙasa na lagireto ya shiga inji (a tsohon injin 22R kuwa a sama yake). Nemi mai lamba 82, an buga ta a jikinsa, ma'ana yana fara buɗewa a wajen digiri 82. Kafin a ɗaura, jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta. Ya kasance a rufe ruf da sanyi, ya buɗe sosai kafin ruwan ya tafasa, ya koma ya rufe in an tsamo shi. Jabu sun cika kasuwa, shi ya sa. Akwai wani ɗan ƙarfe mai lilo a gefensa, wannan sama zai kalla, ta nan iska ke fita. A sa sabuwar robarsa, ban da lafta gam.

To in allura tana kai tsakiya lafiya, sai ka koma kan tiyo biyun nan da suka huda bangon da ke tsakanin inji da cikin mota. Da farko ma ka tabbatar suna nan, don in ƙaramin lagireton ya taɓa yoyo, kanikawa kan lanƙwasa tiyo su haɗe shi da ɗan'uwansa, ruwa ya daina shiga ciki gaba ɗaya. In suna nan, inji da zafi, makunnin hita a ƙarshen ja, wato wajen zafi, taɓa su a hankali. Duka biyun zafi sosai, ruwa yana zagayawa, matsalar tana wajen iska. Ɗaya zafi ɗaya sanyi ko ɗumi, ƙaramin lagireton ya toshe. Duka biyun ɗumi-ɗumi, to ruwa ya yi ƙasa, ko iska ta shiga, ko bawul ɗin hita bai buɗe ba. Tsofaffin Hilux da yawa suna da wannan bawul a jikin tiyon shiga, waya ce ke jan sa daga makunnin zafi. Sa yaro ya riƙa tura makunnin kana kallo. Sau tari kilif ɗin da ke riƙe da wayar ne ya kwance, bawul yana buɗewa rabi. Tura shi da hannu har ƙarshe ka ji ko zafi ya ƙaru.

In toshewa ce, wanki ake fara yi. Inji ya huce, cire tiyo biyun. Murɗa su a hankali, in sun ƙi ka tsaga su da reza ka sayi sababbi, kar ka fizga, bututun da suke kai laushi gare shi, in ya tsage to dashbod ɗin da muke gudu dole ya fita. Sa tiyon ruwan famfo ta bakin fita, ruwa ya fito ta bakin shiga, wato saɓanin yadda ya saba bi. Da ƙaramin ƙarfi! Kar ka kai wa masu wankin mota su sa injinsu, zai fasa shi. In laka da tsatsa sun ƙi ƙarewa, jiƙa cokali uku na ɗan tsami irin na awara a lita ɗaya ta ruwan ɗumi, cika shi, bar shi minti 20 zuwa 30, ka ɗauraye sosai har ruwa ya fito fari.

Abin da ke toshe shi kuwa ruwan rijiya da na burtsatse ne da muke ɗurawa, da garin nan da ake zubawa don tsayar da yoyo. Wasu har sabulun gari suke zubawa, Allah ya kyauta. Hanyoyin ƙaramin lagireton sun fi na babban ƙanƙanta, su ke fara cikewa. Zuba kulan, wato ruwan sanyaya inji, na gaske, in mai kauri ne a haɗa rabi da rabi da ruwan batir marar asid. Ka tanadi kamar lita 8.

Bayan kowane aiki fitar da iska, nan mutane da yawa ke faɗuwa. Ajiye motar gabanta a kan tudu, murfi a buɗe tun da sanyi, hita a ja, bar ta a silo har tamostat ya buɗe, kana ƙara ruwa kana matsa tiyon sama har kumfa ta daina. In kana jin ƙarar ruwa na gudu a bayan dashbod, da sauran iska. Kumfar da ta ƙi ƙarewa, ga farin hayaƙi, ga ruwa na raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, wannan gasket ɗin kai ne, wata magana ce daban. In kuma zafi na zuwa sai ka taka totur, a silo ya ɓace, ruwa kuma cike yake, zargi famfon ruwa, tsatsa kan cinye fukafukansa.

Don Allah ko sanyi ya kai ina, kar ka sa kaskon gawayi a cikin mota, na san ana yi a tasha. Iskarsa ba ta da wari, barci take sawa, mutum ba ya tashi.

Lokacin da za ka yarda a kwance dashbod shi ne in ka ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi daga hita, gilashin gaba yana yin tururi mai maiƙo, ko shimfiɗar ƙafar fasinja ta jiƙe, ko ka yi wankin nan ruwa ya ƙi wucewa. In an kai ga haka, ka tsaya a kai, a goge ƙurar da ta danƙare a ciki, a sauya soson da ke jikin ƙofofin iska tunda an riga an buɗe. Ka duba allurar da tiyo biyun nan gobe da safe, ka faɗa mana abin da ka gani.